Tambayoyinku kan ciwon idon zomaye

Tambaya: Likita, zomona ido ɗaya yana ta hawaye da farar kwantsa.

Amsa: Ɗan'uwa a duba masa haƙora tukuna. Haƙorin zomo ba ya daina tsiro, in saiwar ta yi tsawo sai ta danne hanyar hawaye. Ka yawaita masa ciyawa da harawa, ka riƙa share kejin don warin fitsari ma yana sa haka, sannan ka kai shi asibitin dabbobi.

Tambaya: Cutar myxomatosis tana kama mutum?

Amsa: A'a, birus ce ta zomaye kaɗai, sauro da ƙuma ke yaɗa ta, ita aka saka a Ostareliya a 1950 don rage zomayen daji. Fatar ido da kunne da hanci su kumbura, ido ya rufe ruf, yawanci mutuwa ce ƙarshenta. Ba ta da magani sai rigakafi. Wanda ya ga haka ya ware zomon ya kira likita a ranar.

Tambaya: 'Yar zomanyata wata huɗu, wani fari ya fito a tsakiyar idonta, an ce in ɗiga mata lemun tsami ko in barbaɗa sikari ya cinye yanar.

Amsa: Hajiya don girman Allah kar ki yi! Wallahi abin nan yana ci min rai, wani gishiri, wani kwalli, wani har ruwan batir, dabbar da ba ta da bakin kuka. Yanar ido a can ciki take, bayan baƙin idon, ba abin da za ki zuba a waje ya kai gare ta, sai dai ki ƙona saman idon ya yi gyambo, wanda yake gani kaɗan-kaɗan ya makance gaba ɗaya.

Tsohon zomo kan yi yana saboda shekaru, amma ƙarama kamar taki abin da nake fara zargi wata ƙwayar cuta ce, E. cuniculi, ba birus ba ce, tun a cikin uwa take shiga idon. Akan ba da fenbendazole na kwana 28, likita ne zai auna nauyinta ya yanke adadin. Maganin yana rage ƙwayar ne, farin kam ba zai goge ba sai da tiyata, kuma zomo yana rayuwarsa lafiya lau da ido ɗaya in ba a yawan canja masa wurin abinci da ruwa.

Kar ki sayo maganin ɗigawa na mutane a kemis, mai sitiroyid yana illa ga zomo sosai. Ampiclox ko amoxicillin ta baki kuwa gudawa zai sa ta har ta mutu. Ki riƙa wanke hannu bayan share fitsarinta. Ki kai ta asibitin dabbobi cikin satin nan, in kuma idon ya yi ja ko ta daina cin abinci, to yau ɗin nan Hajiya, kar a kwana.