Me ya sa jaruman tsofaffin littattafan Turai suke zama bare a cikin nasu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar adabi ce daga Zariya. Na lura cewa a tsofaffin littattafan Turai jarumi yakan zama saniyar ware, ba ya jin daɗin zama da kowa. Shin halinsa ne haka, ko talauci ne yake jawo masa?

Amsa: Malama, kaɗaici daban, zama bare daban. Mai kaɗaici ya rasa mutane ne, amma bare yana tsakiyar mutane, suna ganinsa kullum, sai dai ba su ɗauke shi a bakin komai ba, ko kuma shi ya daina ganin kansa a cikinsu. A yawancin waɗannan littattafai, tsarin matsayi ne yake haifar da wannan hali, talauci kuwa ɓangare ɗaya ne kawai nasa.

Dubi gajeren labarin Nikolai Gogol, marubucin Rasha, na 1842 mai suna Shinel, wato kwat ɗin sanyi. Sarki Peter na Rasha ya kafa jadawalin muƙamai mai hawa 14 a shekarar 1722, kuma Akaki Akakiyebic, magatakardan da labarin ya ginu a kansa, yana hawa na 9, ana ƙirgawa daga sama, wato hawa na 8 ne a samansa. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin a lokacin wanda ya taka hawa na 8 yana samun darajar sarauta wadda 'ya'yansa za su gada, saboda haka dubban ma'aikata suke tsufa a bakin wannan ƙofa ba tare da an buɗe musu ba. Albashin Akaki rubul 400 ne na kuɗin Rasha a shekara, aikinsa kwafar takardun da wasu suka rubuta, abokan aikinsa kuma suna yayyaga takarda su watsa masa a ka don raha. Da kwat ɗinsa ya mutu, sai ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, yana tafiya a hankali don kada takalminsa ya cinye, har ya haɗa rubul 80 na sabo. Ranar da ya saka shi ne aka fara kula shi, har aka gayyace shi walima, kuma a daren ne ɓarayi suka tuɓe masa shi. Da ya kai kuka wurin wani babban jami'i, sai aka daka masa tsawa don ya tsallake matakan shigar da ƙara, zazzaɓi ya kama shi, ya mutu, ofis kuwa bai san ya mutu ba sai bayan kwanaki. A ganina, abin da ya fi ciwo shi ne kwat aka gayyata walimar, mutumin ya rako shi ne.

Littafin Great Expectations na Charles Dickens, wanda ya fito kashi-kashi a mujalla tsakanin 1860 da 1861, shi ne yake rushe zaton cewa talauci ne kaɗai matsalar, domin Pip, jarumin littafin, ya samu kuɗin. Maraya ne da ya tashi a gidan Joe maƙeri, mijin yayarsa, bai taɓa ganin aibun maƙera ba sai ranar da Estella, yarinyar gidan masu hali, ta yi masa ba'a a kan kaushin hannunsa da kaurin takalminsa. Daga nan gidansu ya zama masa abin kunya. Da wani da ya ɓoye sunansa ya ɗauki nauyinsa zuwa Landan, sai ya koyi sutura da maganar manya, amma da Joe ya aiko zai kawo masa ziyara, Pip da kansa ya amsa cewa da kuɗi zai hana zuwan, da ya biya. Joe ma ya ji canjin, har ya koma yi masa irin kiran da ake yi wa manya, abin da a wurinmu zai yi daidai da uba ya ce wa ɗan da ya rena ranka ya daɗe. Mai karatu Bahaushe da ya taɓa ganin ɗan boko ya dawo ƙauye yana ƙyamar kwanon gidansu ba ya buƙatar dogon sharhi a nan.

Daga baya Pip ya gano cewa dukiyar ta Magwitch ce, fursunan da aka kora zuwa Ostireliya ya yi arziki da kiwon tumaki, wato mutumin da yake ƙasa da maƙerin da ya guda. Dukiyar ta salwanta, bashi ya yi masa katutu, ciwo ya kwantar da shi, kuma Joe ne ya zo ya yi jinyarsa. Muddin Pip yana kwance ba ƙarfi, suna hira kamar dā, amma yana fara murmurewa sai Joe ya koma ga kiran girmamawan nan, har wata safiya ya tafi ba sallama, ya bar masa 'yar wasiƙa tare da rasidin bashin da ya biya masa.