Yaya, Ga Abin da Ya Haɗa Mu da Kiɗan Rock a Birmingham

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kowa yana lafiya, har da su Inna.

Tambayarka biyu ce, ko da yake ka dunƙule ta wuri ɗaya. Ta farko, wane ne tsohon Baturen da na sa hotonsa a WhatsApp. Ta biyu kuwa, wadda ka lulluɓe da zolaya: wai mu Hausawan da muka daɗe a Ingila mun koma jin kiɗan hargowar nan da ake kira rock ne? Bari in fara da tsohon, don ta kansa za ka fi gane ɗayar.

Sunansa na aiki Johnnie Walker, na asali Peter Dingley. A 1945 aka haife shi a nan yankin Birmingham, kuma shekara 58 ya yi yana magana a rediyo. A kan teku ya fara. A farkon shekarun 1960 BBC kaɗai ke da izinin watsa shirye-shiryen rediyo daga cikin ƙasar, kuma akwai yarjejeniya da ta taƙaita awannin da za ta sa faifai a rana, don kada makaɗa su rasa aiki. Matasa suna ƙishirwar sababbin waƙoƙi, ana ba su ɗan kaɗan. Sai 'yan kasuwa suka sayi jiragen ruwa, suka kafa musu dogayen eriya, suka girke su can bayan iyakar ruwan ƙasar inda hannun doka bai kai ba. Radio Caroline, wadda ta fara a 1964, ita ce ta fi suna. Walker ya shiga harkar a 1966 a wani jirgin, daga baya ya koma Caroline. Ranar 14 ga Agustan 1967 sabuwar doka ta fara aiki, ta ce laifi ne ɗan ƙasa ya yi wa irin waɗannan jirage aiki, ko ya kai musu kaya, ko ya ba su talla. Yawancinsu suka rufe. Shi ya ƙi sauka, ya ci gaba da magana bayan sha biyun dare.

Tsofaffin da nake kula da su har yau suna ba da labarin yadda samari da 'yan mata kan jera motoci a bakin teku da dare, shi yana can cikin jirgi yana yi musu tambaya ta rediyo, su kuma suna amsawa da fitilun mota. Wata tsohuwa da ba ta iya tuna ko ta karya kumallo ba, idan ta zo kan wannan labari ba ta tsallake komai, har launin motar.

BBC ta ga ba sarki sai Allah, ta buɗe Radio 1 a Satumbar 1967, ta kwashi da yawa daga cikin 'yan jirgin nan aiki. Shi ya shiga a 1969, amma bai iya bin layi ba. So yake ya zaɓi waƙa da kansa, ba a miƙa masa jerin waɗanda ke kasuwa ba, har ya taɓa kiran kiɗan Bay City Rollers shara a lokacin da 'yan matan ƙasar ke haukarsu. A 1976 ya tattara ya tafi San Francisco, daga baya ya dawo. Ba waliyyi ba ne, kada ka ce na wanke shi: a 1999 an ci shi tara kan hodar iblis, an kuma dakatar da shi na ɗan lokaci. A 2003 da kansa ya faɗa wa masu sauraro cewa yana da cutar daji.

To, bankwanan. A farkon Oktoban 2024 ya sanar a cikin shirinsa cewa zai ajiye aiki, saboda ciwon da ke taurara huhu ya ci ƙarfinsa. Tuni dama daga gidansa a Dorset yake gabatar da shiri, yana shaƙar oksijin. Ranar Juma'a 25 ga wata ya yi shirin rock na ƙarshe, ranar Lahadi 27 ya rufe Sounds of the 70s, shirin waƙoƙin shekarun 1970 da ya riƙe tun 2009. Matarsa tana gefensa. Waƙoƙin da suka fi kwanta masa a rai ya jera, yana faɗin inda kowace ta same shi a rayuwa. Mutumin da ya yi suna da ƙarar jita, da waƙar coci ya rufe, Amazing Grace, a muryar Judy Collins. Ranar 31 ga Disamba ya mutu yana da shekara 79, kuma Bob Harris, wanda ya gaje shi a shirin, shi ya sanar a rediyo.

Yanzu ga abin da nake so ka gane game da mutanen nan. Da waƙa suke lissafin rayuwarsu, shekara goma-goma. Idan Bature ya ce maka shi ɗan shekarun 60 ne, Beatles na Liverpool da Rolling Stones yake nufi, da ƙuruciyar da ta ƙare masa a 1970, shekarar da Beatles suka watse, Jimi Hendrix kuma ya mutu a Landan. Ɗan shekarun 70 zai kawo maka Led Zeppelin da Queen da David Bowie. Ɗan 80 zai tambaye ka inda kake ranar 13 ga Yulin 1985, da aka yi gagarumin wasan Live Aid a filin Wembley don yunwar Habasha. Na 90 Oasis ne nasu, 'yan Manchester. Akwai ma shiri a rediyon BBC tun 1942 da ba ya komai sai tambayar baƙo faifai takwas da zai ɗauka idan aka yar da shi a tsibiri shi kaɗai, daga nan a zaro tarihinsa kaf. Kamar dai yadda dattijo a Funtuwa zai ji kalangun Shata ya tuno maka shekarar aurensa da farashin auduga a lokacin, sai dai su sun mai da abin tsari, har da rubutawa. Idan aka kawo mana sabon tsoho gidan kula, 'ya'yansa kan ba mu jerin waƙoƙinsa tare da jerin magungunansa. Da yawa kuma sun riga sun zaɓi wadda za a sa ranar binne su.

Ka ga inda muka shigo. Ka dubi aikin da da yawanmu ke yi a nan: kula da tsofaffi, jinya a asibiti, tuƙin tasi, gadi, aikin dare a ɗakunan ajiyar kaya. Duk wuraren da rediyo ba ta mutuwa ne, kuma ba kai ke riƙe da ita ba. Ƙarfe uku na yammacin Lahadi, a falon gidan da nake aiki, shirin Walker aka saba kamawa kafin ya ajiye aiki a 2024. Tsohon da ke fama da ciwon mantuwa, wanda ya ƙi wanka, ya ƙi abinci, yana ture hannuna, idan na san waƙar da ya yi rawa da ita yana ɗan shekara ashirin, rabin aikina ya ƙare. Don haka na san sunayen nan da na jero maka. Kayan aiki ne a wurina, kuma ba zan ɓoye maka ba, wasu waƙoƙin sun shiga raina.

Amma kada ka ɗauka bakinmu ɗaya a kan wannan. Akwai waɗanda ba sa jin kiɗa ko wane iri, saboda fahimtarsu ta addini, kuma ba wanda ke yi musu dariya. Direban tasi irin wannan, idan fasinja ya ce a kunna rediyo, sai ya kama tashar hira ko ta ƙwallo, fasinja na sauka ya mayar da karatun Alƙur'ani. Akwai masu cewa abin da kunne ya ji a wurin aiki daban, abin da hannu ya kunna a gida daban, kuma ina jin nan yawancinmu muke. Sannan akwai 'yan tsirarun dattawa da suka zo karatu tun shekarun 1970 suka zauna, masu faifan garmaho jibge a kwali, waɗanda za su yi musu da kai kan wane ne gwanin jita har shayi ya huce. Da azumi kuwa duk wannan rabe-raben ya kau. Gidaje sukan yi tsit, sai tafsiri daga gida ta waya, ko tashar Musulmi ta garin nan.

A taronmu ba za ka taɓa jin rock ba. Suna, walima, ɗaurin aure, taron cin abincin Sallah a zauren da muke haya, waƙoƙin Hausa ne, sai na Legas idan yara suka karɓe lasifika. Su yaran da aka haifa a nan, a wurinsu rock kiɗan kakannin Turawa ne, abin da ke tashi a motar malamin makaranta. Abin dariyar, wanda ya sa wasunsu suka waiwayi jita ɗan Nijar ne, Mdou Moctar, Buzu mai irin kiɗan da ake yi a bukukuwan Agadas, da suka ga Turawa na sayen tikiti don su kalle shi. Da na ce wa ɗana asalin rock ɗin ma daga kiɗan baƙaƙen Amurka ya fito, su Chuck Berry da Little Richard a shekarun 1950, sai da ya duba waya kafin ya yarda.

Garin da muke ma yana da nasa kason, wanda ya fi kowanne nauyi a kunne. A unguwar Aston aka kafa Black Sabbath a 1968, yaran ma'aikatan masana'antu. Mai jitarsu, Tony Iommi, injin ƙarfe ne ya datse masa kan yatsu biyu, ya yi musu hula, ya sassauta tsirkiyar jitar don rage zafi, sautin ya yi kauri. Ranar 5 ga Yulin 2025 mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya yi nasa bankwanan a filin Villa Park, a zaune kan kujera saboda rashin lafiya, ya mutu ranar 22 ga watan. Na ga furannin da aka tara masa a tsakiyar gari. A nan dai ni na ja layi. Hotunan ƙoƙon kai da kalaman duhu da ke tattare da wannan ɓangare ba sa shiga gidana, kuma ban san Bahaushen da suke shiga nasa ba.

Batun hoton da ka gani, ba kiɗan ne ya sa na sa shi ba. Abin da mutumin ya yi ne ya tsaya min. Mu idan ciwo ya yi tsanani sai mu rufe, a ce jiki da sauƙi har ranar da za a ce sai haƙuri. Ina ganin hikimar hakan, akwai sutura a ciki da tawakkali. Amma mu da ke nesa mun san tsadarsa fiye da kowa: sau nawa ake cewa da sauƙi a waya, mutum ya ɗage sayen tikitin jirgi zuwa wata mai zuwa, sai ya tashi da saƙon rasuwa? Shi wannan ya faɗi ciwonsa da sunansa, ya sa rana, ya yi godiya ga waɗanda suka saurare shi, ya miƙa shirin ga wani tun yana da sauran numfashin yin hakan. Bayan wannan Lahadin mun daɗe muna tattauna shi a tsakaninmu, mata musamman. Wasu suka ce rashin kunya ce irin ta Turawa. Ni ban ga haka ba.

Shi ya sa nake roƙonka, tunda kai ne babba a gida: idan jikin Inna ya canza, ka faɗa min yadda yake, kada ka tace min. Daga nan zuwa Kano akwai neman hutu a wurin aiki, akwai tikiti, akwai canjin jirgi a hanya, kuma duk suna cin kwanaki.

A gaida su Anti da yara.