Amsa kan lambun bayan gida, baƙi, da karyar da yara suka tsinto

Assalamu alaikum, ƙanwata. Na karanta tambayarki, inda kika ce yaranki sun tsinto wata karya ramammiya da 'yan kwikwiyo biyu a ƙarƙashin kwalbati, maigida ya yarda a riƙe su har su murmure, ke kuma hankalinki bai kwanta ba saboda kina da ɗan lambu a bayan ɗakuna, ga kuma surukanki da za su zo daga Daura su yi Sallah a wurinku. Kina so ki san ko gida ɗaya zai ɗauki waɗannan abubuwa uku ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Zai ɗauka. Mu nan wajen Ƙofar Kaura a Katsina mun daɗe muna yin haka, kuma abu biyu ne suka sa ya yiwu mana: kare yana da wurinsa mai ƙofa da sakata, sannan tun ranar da ya shigo kowa ya san riƙo ne na ɗan lokaci, muna cigiyar wanda zai karɓe shi.

Zan fara da batun addini, domin na san shi ne abin da surukanki za su fara tayarwa, kuma suna da hujja. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron shuka ba, ladarsa tana raguwa kullum, kuma ya tabbata cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare. Risala da muka karanta a makarantar zaure ita ma ta hana ajiye shi a gidajen birni, ta keɓe noma da kiwo da farautar neman abinci. A ɗaya ɓangaren kuma, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai don bin umarni. Abin da na fahimta da waɗannan duka shi ne, ceton dabba daga yunwa daban ne, mayar da ita 'yar ɗaki daban ne. Ni ba malama ba ce, saboda haka maigida ya kai maganar gaban malamin da ya amince da shi kafin baƙi su iso, don ya samu abin faɗa wa mahaifinsa cikin ladabi.

Abin da ba ya jira shi ne likitan dabbobi. Karen titi ba ki san abin da ya cije shi ba kafin ya zo hannunki, kuma ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A kai uwar asibitin dabbobi, ko a ɗauko ma'aikacinsu ya zo gida, ya duba ta, ya tsara mata allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki da na kaska. Kwikwiyo ana yi masa allurar hauka idan ya kai wata 3, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa wannan allura a nan ƙasar, saboda haka ba abu ne da sai an yi odarsa daga waje ba. Idan kuwa, Allah Ya kiyaye, ta ciji wani ko ta yagushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, ita kuma a kulle ta a sa mata ido kwana 10. Kada a tsaya ɗaura gashin kare a kan rauni kamar yadda ake yi a wasu gidaje, wannan ɓata lokaci ne. Ki kuma ja wa yaran kunne sosai, domin karya mai shayarwa tana da saurin kai cizo, ko ga wanda ya cece ta.

Dabbar da ta daɗe da yunwa ba a cika mata kwano a tashi ɗaya, cikinta ba zai ɗauka ba. A ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, tuwo ko shinkafa da ɗan romo da tarkacen nama daga mahauta, ga ruwa mai tsabta a gefenta koyaushe. A guji ba ta sauran miya mai yawan albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare, haka ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji. Kada a ba ta maganin ciwon kai na mutane. Idan tana da ƙazwa, kada kowa ya ba ki shawarar shafa mata baƙin mai ko fesa mata fiya-fiya ki bi, na ga karnukan da wannan ya kashe a unguwa.

Yanzu ga lambu, wanda a ganina shi ne inda za ki fi shan wahala idan ba a yi shiri ba. Ƙasarmu ta Katsina rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, kuma ruwan damina galibi daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, saboda haka duk mai lambu a gida ban-ruwa take yi mafi yawan shekara. Wannan yana nufin cewa idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, fangalin alayyafonki shi ne wuri mafi sanyi a gidan gaba ɗaya, kare kuwa ya fi ki sanin haka. Zai tona shi ya kwanta a ciki, ba don ɓarna ba, don neman sanyi. Duka ba ya hana shi. Abin da ke hanawa shi ne shinge, ko na zana da dirkoki masu ƙwari ko na wayar raga, a binne gindinsa kamar tsawon taƙi ɗaya a ƙasa don kada a tona ta ƙarƙashi. Sannan a zuba mata yashi a nata wurin, ƙarƙashin inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa da hantsi. Idan ta samu nata sanyin, sha'awar naki za ta ragu.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. Kashin kare ba taki ba ne. Kashin awaki da na shanu da na kaji, idan ya ruɓe sosai, shi ne ran lambunmu, amma na kare yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki wanda ke daɗewa a ƙasa da ransa, ya kuma kama mutum, musamman yaran da ke wasa da ƙasa. Ke kuma da hunturu za ki shuka latas da karas da kabeji, abubuwan da ake ci ɗanye, waɗanda za ki yanka ki kai gaban baƙo. Don haka a kwashe shi safe da yamma da shebur ɗin da ba a shiga lambu da shi, a zuba a masai ko a rami mai zurfi nesa da shuka da rijiya. Ruwan da aka wanke wurinta da shi kada a bar shi ya gangara cikin fangali. Ni na sa an yi wa wurin karnuka daɓen siminti da 'yar magudana da ke fita waje, kuma a ganina wannan kuɗin ya fi duk wanda na kashe a lambun amfani.

Idan filin naki ƙarami ne, ki koma shuka a buhu. Buhun siminti ko na shinkafa da aka cika da ƙasa da taki, aka huda gindinsa, yana ɗaukar tumatir ko attaruhu ko kuɓewa, ana iya ɗora shi kan bulo, kuma yana cin ruwa kaɗan, abin da duk mai saye a hannun 'yan ga-ruwa za ta yaba. Zogale kuwa ki jera shi a jikin katanga, ki riƙa sare kansa daidai ƙirjinki don ya yi rassa ganye ya yawaita, kuma ruwan alwala kaɗai yana riƙe shi. Ga ƙwari, tunda yanzu akwai dabba a gidan, ki rage maganin feshi na kanti. Ganyen bedi ko 'ya'yansa da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya, a tace a yayyafa da yamma, yana rage su sosai, toka ma tana taimakawa. Shinkafar ɓera kuma ki daina ajiye ta a bayan gida gaba ɗaya, domin kwikwiyo zai ci ta, ko ya ci ɓeran da ta kashe.

Game da baƙi, haƙƙinsu yana gaba da na dabbar, kuma ba na jayayya da kowa a kan wannan. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka. Tsohuwar da ta taso daga Daura ba ta zo don a koya mata son kare ba, kuma idan ta ce ba ta son ganinsa, amsarki ita ce "to, Inna". A faɗa musu tun a waya cewa akwai karya a bayan gida da ake jinya, maigida ne ya kamata ya faɗa, domin abin da ke ɓata rai shi ne mutum ya fito alwalar asuba ya yi kiciɓis da abin da ba a gaya masa ba. Tun kafin su iso a kulle ta, kuma ba ta fitowa sai da dare bayan an rufe ɗakuna, a hannun babban mutum, da igiya. Hanyarta kada ta bi ta zaure, ko tsakar gida inda ake shimfiɗa tabarma, ko wurin buta da randa. Kwanukanta su kasance masu wani launi da babu irinsa a kicin ɗinki, a wanke su a wani wuri daban, kuma ki bari surukarki ta ga haka da idonta ba tare da kin yi mata jawabi ba. Yawancin masu ƙyamar abincin gidan da ke da kare, kwano suke tunani.

Yaran baƙi su ne abin tsoro, saboda wasunsu za su so ɗaukar kwikwiyo, wasu kuma za su so jifa. Sakatar ta kasance sama da inda hannun yaro ke kaiwa. Idan Babbar Sallah ce, a ɗaure rago nesa da ita, ranar yanka kuma kada a jefa mata ɗanyen kayan ciki, musamman hanta ko huhun da aka ga ƙulli mai ruwa a jikinsa, domin ta nan wata tsutsa mai haɗari ke shiga kare, daga kashinsa ta dawo kan mutane. A dafa kafin a ba ta. Maƙwabta ma ki sa su a lissafi: haushin dare da korar kajin mutane sun raba zumuncin da ya fi naku daɗewa, don haka maigida ya leƙa su ya yi musu bayani.

Lambun zai taimake ki wajen baƙin fiye da yadda kike zato. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli wanda aka tsinko da safe, ko miyar yakuwa daga bayan ɗaki, ko shayi da na'ana'a da lemun tsami na gida, suna sauya hirar daga maganar kare zuwa maganar iri da taki, kuma tsofaffinmu sun fi mu sanin wannan fanni. Idan za su tafi ki ƙulla musu busasshen zogale da kuɓewa.

Cigiyar masu karɓa ki fara ta tun yanzu, ko da yake kwikwiyo bai kamata a raba shi da uwarsa ba sai ya kai mako 8. Waɗanda muka fi samun natsuwa da su su ne masu lambun rani irin na wajen Ajiwa, da masu gonaki da garke a bayan gari, da mafarautan da aka san su da kula da karnukansu, domin a wurinsu dabbar tana da aiki, kuma aikin yana cikin abin da shari'a ta yarda da shi. Ki yi hattara da wanda ya zo da sauri yana tayin kuɗi ba tare da ya tambayi lafiyarta ba, domin akwai fatake da ke tara karnuka daga arewa suna kai su kasuwar Dawaki a jihar Filato, inda ake sayar da su don nama. Maigida ya je ya ga wurin da idonsa, ya ga inuwa da ruwa. Uwar kuma, idan kuna da hali, ku tambayi likita batun tiyatar hana haihuwa bayan ta yaye, domin karya tana iya ɗaukar ciki sau biyu a shekara, cikin kuma wata biyu ne kacal, kuma babu mai lambun da zai riƙe duk abin da za ta haifa. Ranar miƙawa a haɗa wa mutumin da katin allurar, a nuna masa watan da za a maimaita.