Amsa ga ɗan'uwan da ke son zagaya gine-ginen Brussels

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ka shigo Brussels daga Lille ka yi kwana biyu, kana son ganin gidajen Art Nouveau, wato salon gini mai lanƙwasa da adon furanni, da na farkon ginin zamani, kana tambayar ta ina za ka fara. Na daɗe zaune a garin nan, kuma yawon kallon gidajen nan ya zame mini jiki, to bari in faɗa maka yadda nake ganin ya fi.

Shawarata ita ce ka bi su bisa tsarin shekarun da aka gina su, kuma lallai ka shiga cikin ko da guda ɗaya. Masu yawon buɗe ido da yawa sukan tsaya bakin titi su ɗauki hoton fuskar gida su wuce, alhali abin da mai zanen gine-gine Victor Horta ya zo da shi a ciki yake. Filayen gidaje a Brussels ƙunci gare su, ga tsawo zuwa baya. Tsohon tsarin shi ne ɗakuna uku a jere, na tsakiya ba taga, da rana tsaka sai an kunna fitila. A gidan Tassel, wanda ya zana a 1893 wa wani malamin jami'a, Emile Tassel, Horta ya fasa tsakiyar gidan, ya rufa wurin da gilashi, ya ɗora shi kan siraran ginshiƙan ƙarfe. Ƙarfen da a da ake ɓoyewa ko a bar wa tashar jirgin ƙasa, shi ya fito da shi fili a gidan mai kuɗi, ya lanƙwasa shi kamar reshen tsiro. Daga nan salon ya bazu.

Gidan Tassel ba kasafai ake buɗe shi ga jama'a ba, daga waje za ka gan shi. Wanda za ka shiga shi ne gidan Horta na kansa da ke titin Américaine a unguwar Saint-Gilles, wanda ya gina tsakanin 1898 da 1901, yanzu gidan tarihi ne. Ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ka taso, don mutane kaɗan-kaɗan ake shigarwa. In ka shiga kada ka yi gaggawa a matakala. Ɗora hannunka kan katakon da ake dafawa, za ka ji ya bi tafin hannu sumul, ya murɗa a kwana ba tare da ka ji inda aka haɗa ba. Matakalar tana ƙara tsukewa yayin da kake hawa, domin hasken rufin ya samu hanyar sauka ƙasa. Can ƙoli akwai madubai biyu suna fuskantar juna a ƙarƙashin gilashi mai ruwan zuma, sai wurin ya zama kamar ba shi da iyaka. Ɗakin cin abinci kuwa da farin bulo mai sheƙi ya lulluɓe bangonsa, irin abin da mutanen lokacin ke ganin na madafa ne. Hatta mariƙin ƙofa shi ya zana abinsa. A ganina wannan gida kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Daga nan ka taka da ƙafa zuwa titin Defacqz, inda gidan mai zanen gine-gine Paul Hankar yake, shi ma na 1893, da gidan Ciamberlani na 1897 mai manyan tagogi zagayayyu. Sai Avenue Louise, gidan Solvay, ɗaya daga cikin gidaje huɗu na Horta da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. In ka bi ta tashar tiram ta ƙarƙashin ƙasa mai suna Horta, duba ƙarafan ado da aka kafa a ciki. Ragowar Maison du Peuple ne, babban zauren da Horta ya gina wa jam'iyyar ma'aikata, aka buɗe a 1899, aka rushe a 1965 duk da kukan masana gini daga ƙasashe da dama, aka dasa dogon bene a gurbinsa. Har gobe abin yana min ciwo.

Kwana na biyu ka nufi gabas. A dandalin Ambiorix akwai gidan Saint-Cyr da Gustave Strauven ya zana, faɗinsa kusan mita 4 kacal, fuskarsa duk ƙarfe ne a murɗe. Ni dai adon ya min yawa, amma ka gani da idonka. Kusa da nan, a Avenue Palmerston, gidan van Eetvelde yake, kuma a nan nake so ka ɗan dakata. Mai gidan, Edmond van Eetvelde, shi ne babban jami'in da ke tafiyar wa Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam harkokin Kwango, lokacin da ƙasar take mallakin sarkin shi kaɗai, daga 1885 zuwa 1908. Katakon Kwango yana cikin gidan, kuma zamanin da ake wannan ƙawa shi ne zamanin da ake tilasta wa mutanen can tara roba, ana kashewa, ana yanke hannaye. Hauren giwa ma an yi ta raba wa masu sassaƙa don baje kolin da aka yi a Tervuren, kusa da Brussels, a 1897. Gidan kyakkyawa ne, ba na musu, amma ɗan Afirka bai kamata ya tsaya ƙarƙashin wannan rufin gilashi bai san inda dukiyar ta fito ba.

Ka ratsa lambun Cinquantenaire, Babban Masallacin Brussels yana kusurwarsa, ka yi azahar a nan. A ɗaya ɓangaren lambun za ka tarar da gidan Paul Cauchie na 1905. Zanen da ke fuskarsa ba fenti kawai ba ne: ana shafa yaɓe mai duhu, a ɗora mai haske a kai, sannan a kankare layukan tun yana ɗanye. Duk wanda ya taɓa kallon magini yana zana bangon zaure a Birnin Damagaram ko Zariya zai gane hannun nan take.

Sai ka miƙe Avenue de Tervueren zuwa fadar Stoclet, wadda Josef Hoffmann, mutumin Ostiriya, ya gina wa wani attajirin banki daga 1905 zuwa 1911. A nan ne amfanin bin tsarin shekaru zai bayyana maka. Jiya ka wuni cikin lanƙwasa da furanni, yau ga bango shafal na farar marmara, an dāje gefensa da tagulla, kusurwa a miƙe, hasumiya tana hawa daki-daki. Shekara 12 kawai tsakanin Tassel da soma wannan. Na iyalin ne har yanzu, ba a shiga, zanen Gustav Klimt da ke ɗakin cin abincinsu sai dai a hoto.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya tambayar ta sauya gaba ɗaya, ta koma yadda za a samar wa ma'aikata gida mai araha da iska da haske. Cité Moderne da Victor Bourgeois ya gina a Berchem-Sainte-Agathe daga 1922 zuwa 1925 ita ce amsar: kankare, rufi a shimfiɗe, babu ado. Tana da ɗan nisa, kuma mutane ne ke zaune a ciki, sai a kiyaye da kyamara. In lokaci ya ƙure maka, ka wadatu da ginin Flagey a Ixelles, tsohon gidan rediyon ƙasa da aka gama a 1938, mai kama da jirgin ruwa. Daga can Matongé ba nisa, unguwar 'yan Kwango, inda za ka samu abincin Afirka da yamma.

Kada ka sa tafiyar ta faɗo ranar Litinin, yawancin gidajen tarihi a rufe suke. In kana da zaɓi, ka zo a watan Maris lokacin bikin BANAD, da ake buɗe gidajen mutane waɗanda ba a shiga sauran shekara, amma tikitin yakan ƙare da wuri. Ka zo da takalmi mai daɗin tafiya da laima, don ruwan garin nan ba ya sallama.