Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Masaukan Baƙi Suka Rarrabu a Tsibiran Zanzibar

Tambaya daga wani magidanci a Kano: Assalamu alaikum. Ni da iyalina muna shirin zuwa hutu Zanzibar, amma da na duba masaukai a intanet sai na ga kusan duk otal-otal ɗin sun taru a wurare uku ko huɗu, alhali wasu sassan tsibirin ko ɗaya babu. Me ya jawo haka, kuma ina ya fi dacewa mai iyali ya sauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma yana da dalilai. Zanzibar yanki ne mai ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a cikin Tanzaniya, kuma manyan tsibiransa biyu ne, wato Unguja da Pemba. Idan mutane suka ce za su tafi Zanzibar, galibi Unguja suke nufi, domin a can ne babban birni yake, da filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, da tashar jiragen ruwan da ke zuwa daga Darussalam cikin kimanin sa'o'i biyu. Tsawon Unguja bai wuce kilomita 85 ba, kuma ƙidayar 2022 ta nuna cewa mutanen Zanzibar baki ɗaya sun kusa miliyan 1.9, amma baƙin da suka shigo daga ƙasashen waje sun haura dubu 500 a 2019, suka kuma haura dubu 700 a 2024. Mafi yawansu Turawa ne masu neman farin yashi da ruwan iyo, saboda haka masu zuba jari suka bi gaɓar teku suna gini, suka bar tsakiyar tsibirin ga manoma da gonakin kayan ƙamshi da dajin Jozani.

Ita ma gaɓar ba duka ɗaya take ba, kuma abin da ya fi raba ta shi ne cikowar teku da janyewarsa. A gabashin Unguja akwai duwatsun murjani da suka yi shinge can nesa da gaɓa, tsakaninsu da tudu kuwa ruwa ne marar zurfi, don haka sau biyu a kowace rana teku yakan janye ya bar fili mai faɗin ɗaruruwan mitoci, ta yadda mai son iyo sai dai ya jira ruwa ya dawo. A ƙarshen arewa, wato Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da zurfi kusa da tudu, ana iya shiga ruwa kusan a kowane lokaci. Wannan ne ya sa Nungwi, wanda a da ƙauyen masunta ne da masassaƙan jiragen katako, ya zama wurin da otal-otal suka fi cunkoso a duk tsibirin, har a wasu wuraren katangar wannan tana jingine da ta wancan.

Daga Matemwe zuwa Pwani Mchangani da Kiwengwa, a arewa maso gabas, manyan otal-otal ne masu faɗin fili, irin waɗanda baƙo yake biyan kuɗin kwana da abinci da abin sha a dunƙule tun kafin ya baro ƙasarsa, kuma kamfanonin Italiya suna cikin waɗanda suka fara kafa su tun shekarun 1990. A kudu maso gabas kuwa, wajen Bwejuu da Paje da Jambiani, ƙananan masaukai ne suka fi yawa, farashinsu ya fi sauƙi, kuma suna cikin ƙauyuka ne inda mata suke noman ciyawar teku idan ruwa ya janye. Gaɓar yamma ba ta samu irin wannan gini ba, saboda akwai tashar jiragen ruwa da unguwannin birni da dazuzzukan itatuwan da ke fitowa a cikin laka.

Tsohon birnin da ake kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lamarinsa daban ne. Yawancin masaukansa tsofaffin gidajen attajiran Larabawa da Indiyawa ne da aka gyara, ɗakunansu ba su da yawa, wasu kuma ƙuntatattu ne domin tsawon itacen da aka yi rufi da shi ne ya ƙayyade faɗin ɗaki tun asali. Lungunan ba sa ɗaukar mota, kuma dokar kare gine-ginen tarihi ba ta barin a rushe a sake gini yadda aka ga dama, saboda haka adadin ɗakuna a wurin ba zai taɓa ƙaruwa da saurin da yake ƙaruwa a bakin teku ba.

Ya kamata a tuna cewa duk wannan sabon abu ne. Bayan juyin juya halin 1964 gwamnati ta riƙe tattalin arziki a hannunta, ta dogara da sayar da kanumfari, baƙi kuma ba su da yawa. Sai da farashin kanumfari ya faɗi a shekarun 1980 sannan aka buɗe ƙofa ga masu zuba jari, kuma ginin ya riga tsari gudu, shi ya sa ka ga wani wuri ya cika maƙil, wani kuma wayam.

Shawarata ga mai iyali ita ce ya raba kwanakinsa. Ka yi kwana biyu a tsohon birni, inda masallatai suke kusa kuma abincin gari na halal ne, tunda mafi rinjayen mutanen Zanzibar Musulmi ne, sannan ka koma bakin teku. Idan akwai yara ƙanana, gabas ta fi natsuwa, Nungwi da Kendwa kuwa suna da kiɗa da hayaniyar dare. Yawancin otal-otal na bakin teku suna sayar da giya, don haka ka tambaya kafin ka biya, ko ka nemi gidan haya mai ɗakin girki. Farashi yakan hau a Yuli da Agusta da kuma ƙarshen Disamba, ya sauka a lokacin babbar damina daga Maris zuwa Mayu, lokacin da wasu masaukan suke rufewa don gyare-gyare. Ka kuma sanya a lissafinka cewa akwai harajin da ake karɓa a kan kowane dare, da inshorar dole ga baƙi, wadda aka fara karɓa a kan dala 44 a Oktoban 2024.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Na ji ana cewa yawan otal-otal a Zanzibar yana hana mutanen ƙauye ruwan sha. Shin haka ne, ko kuwa zuzutawa ce kawai?

Amsa: Malama, batun ba zuzutawa ba ne, kuma a ganina shi ne ainihin ma'aunin da ya kamata a riƙa auna ginin masaukai da shi a kowane tsibiri. Unguja ba shi da manyan koguna, kusan duk ruwan shansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Yammaci da tsakiyar tsibirin suna da ƙasa mai zurfi da ruwan sama mai yawa, gabas da ƙarshen arewa kuwa dutsen murjani ne mai ramuka, ruwan daɗin da ke ƙarƙashinsa ɗan siriri ne da ke kwance a kan ruwan gishiri. To, a daidai wannan yanki mai ƙarancin ruwa ne aka fi gina otal-otal, masu tafkunan iyo da lambuna da wankin zannuwan gado kullum. Idan aka haƙa rijiyoyin burtsatse aka yi ta zuƙo ruwa fiye da abin da damina take mayarwa, ruwan teku yakan kutso, rijiyar ƙauye ta koma zartsi, kuma idan hakan ta faru ba a cika samun gyara cikin sauƙi ba. Otal yana da kuɗin sayen ruwan tanka ko kafa injin tace ruwan teku, amma matar da ke ɗaukar jarka a Nungwi ko Jambiani ba ta da wannan zaɓi.

Lantarki ma haka yake. Unguja yana samun wuta ne daga babban yankin Tanzaniya ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kuma lokacin da ta lalace a Disamban 2009 tsibirin ya yi kusan wata uku cikin duhu, manyan otal-otal suka koma kan janareto, ƙanana da yawa suka tafka asara, famfunan ruwan gari kuma suka tsaya. An shimfiɗa sabuwar waya a 2013, sai dai kowane sabon ɗaki mai na'urar sanyaya iska ƙarin nauyi ne a kanta. Ga kuma shara da ƙazamin ruwa, da katangun da ke toshe wa masunta hanyar zuwa wurin da suke ɗaure jiragensu.

Ba za a yi musun cewa yawon buɗe ido shi ne babbar hanyar samun kuɗin waje ga Zanzibar ba, kuma dubban iyalai da shi suke ci. Abin da nake ganin ya dace shi ne kada a amince da sabon gini a wuri irin Nungwi sai an tabbatar da inda ruwansa zai fito da inda sharar za ta tafi, kuma a wajabta wa manyan otal-otal tace ruwan teku da tara ruwan sama, kamar yadda ƙaramin masaukin tsibirin Chumbe yake dogara da ruwan sama da hasken rana tun da daɗewa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kumasi: Tunda Unguja ya cika, ba zai fi kyau mutum ya sayi fili a Pemba ya gina masauki ba?

Amsa: Ɗan'uwa, a Zanzibar ƙasa mallakar gwamnati ce bisa doka, baƙo ba ya sayen fili, haya ce ta shekaru masu yawa ake ba shi, kuma hanyar ita ce ta hukumar bunƙasa zuba jari da ake kira ZIPA. Duk dillalin da ya ce zai sayar maka da filin bakin teku ba tare da wannan hukuma ba, ka yi nesa da shi.

Game da Pemba, gaskiya ne masaukansa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da Unguja, amma da dalili. Tsibiri ne mai tuddai da gonakin kanumfari, gaɓarsa ta fi yawan laka da itatuwan bakin teku, filayen farin yashi ba su da yawa, hanyoyin zuwa gare su kuma ba duka ne masu kyau ba. Filin jirgin da ke kusa da Chake Chake ya daɗe yana karɓar ƙananan jirage ne kawai daga Unguja da Darussalam da Tanga, don haka manyan jiragen da ke kwaso ɗaruruwan Turawa kai tsaye ba sa sauka a can. Baƙin da ke zuwa galibi masu nutso ne a teku da masu neman wuri marar hayaniya, kuma mutanen Pemba sun fi riƙo da al'ada, ba za su karɓi irin rayuwar dare ta Kendwa ba. Wanda zai zuba jari a can ya yi tunanin ƙaramin masauki mai ɗakuna kaɗan, ya tanadi ruwansa da wutarsa, ya ɗauki ma'aikata daga ƙauyen da zai zauna, kuma ya shirya jiran shekaru kafin uwar kuɗinsa ta dawo.