Wane Irin Kokwamba Ya Dace da Noman Rumfar Leda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Daura. Na kafa rumfar leda mai raga a bayan gida, na cika buhuna da garin ɓawon kwakwa domin in noma kokwamba ba tare da ƙasa ba, sai ruwan taki da zai riƙa ɗiga a gindin kowace shuka. Mai shago ya nuna mini iri biyu: mai araha da 'yan noman rani ke shukawa a fili, da mai tsada da ake sayarwa da ƙirgen ƙwaya. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai tsadar nan shi ne naka, amma da sharaɗin ka tabbatar da halaye biyu kafin ka ba da kuɗinka.

Kokwamba tana fitar da fure iri biyu, namiji da mace, kuma macen ce kaɗai take zama ɗa. Za ka gane ta da ɗan kokwamban da ke maƙale a gindinta. Irin fili yana yawaita furen namiji, musamman idan zafi ya tsananta, sannan macen ba ta ɗaukar ɗa sai ƙudan zuma ya kawo mata garin fure. To, ragar da ka sa domin tsare farin ƙuda, ƙwaron nan mai tsotsar ganye, ita ce kuma za ta tsare ƙudan zuma, ka ga sai shuka ta yi kore shar, furanni su yi ta zubewa. Saboda haka ka nemi irin da kusan dukkan furensa mace ne, wanda kuma yake yin 'ya'ya ba tare da barbara ba, wato ba sai an kawo wa macen garin fure ba. A cikin rumfa, yawan 'ya'yan da kowace shuka ta riƙe shi ne babban ma'aunin amfani, ba girman wanda aka zana a jikin fakiti ba.

Ni na fi karkata ga dangin Beit Alpha, gajeru masu santsin baya da ake tsinka a tsawon santimita 12 zuwa 18, domin sukan fitar da 'ya'ya biyu ko fiye a gaɓa ɗaya. Dogayen nan na Holan masu kai santimita 30 suna da kyau a ido, sai dai fatarsu siririya ce, kuma iskar hunturu tana saurin yanƙwane su kafin su isa hannun mai saye. Ka duba kuma a ce gaɓoɓin shukar suna kusa da juna, don kada ta kai rufin rumfa tun ba ta ba ka komai ba, sannan tana jure cutar farin gari da ke rufe ganye.

Iri mai kyau ma yana da iyaka. Kokwamba ta fi walwala tsakanin digiri 24 da 30, alhali bazarar Daura takan haura 40, inda 'ya'ya ke karkacewa ko su yi ɗaci. Ka fara shukar farko bayan damina, ka riƙe awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwan taki, tsakanin 5.5 da 6.0, ka kuma cire furannin gaɓoɓi huɗu zuwa biyar na ƙasa domin saiwa ta kafu tukuna.

Wata Hajiya daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ta tambaya ko za ta iya ajiye iri daga amfanin bana don ta huta da saye. Hajiya, kada ki yi. 'Ya'yan da ba a barbara ba ba su da ƙwayar da za ta tsiro, kuma duk fakitin da kika ga F1 a jikinsa aure ne na iyaye biyu, wanda jikokinsa ba sa fitowa da hali ɗaya. Ki sa kuɗin sabon iri cikin lissafin kowace shuka.