Maganar bindigar da kuke son harbawa ranar hawan ango

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta min. Wai wani ya kawo muku tsohuwar bindigar soja, ya ce an gyara ta, ba ta cin harsashi sai ƙara kawai, kuna so ku harba ranar hawan angwancin abokinka, shi ne kake tambaya ko al'ada ta yarda. Na yi dariya har Hajiyarku ta leƙo, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Na san irin wadda ke cikin hoton da ka turo. Lee-Enfield ce mai harsashi .303, wadda sojojinmu suka riƙe a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da aka gama a 1945, 'yan sanda ma sun daɗe suna rataye da ita. Wani tsohon soja ɗan Bama a unguwarmu ya taɓa gaya mana cewa in bindiga ta gaji, sai a buga mata haruffan DP, sau da yawa a zagaya mata farin fenti, a bar ta don fareti da koyon riƙo, ba a ƙara sa mata komai. Ka duba jikin taku da kyau. Abin da masu ita suka sallama, wane maƙeri ne zai tashe shi?

'Yan bindigar Sarki da kake gani ranar Hawan Daushe, hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu, ai bindigar toka suke riƙewa. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna tsumma, babu dalma. Kuma gado ne, suna da shugabansu. Yaro sai ya daɗe yana bin ubansa da jakar albarushi kafin a bar shi ya taɓa kunama.

Sarki Ado bai daɗe da hawa ba, ina ɗan saurayi, aka yi bikin ɗan wani attajiri a bayan layinmu. Wani matashi ya aro bindigar toka, ga 'yan mata sun cika soro suna kallo, sai ya ga awo ɗaya ya yi masa kaɗan. Ya ninka, sannan ya fasa wani harsashin soja da ya tsinto ya zazzage garin ciki. Ina tsaye kusa da masu kalangu. Ƙarar da ta fito daban take da wadda muka saba, wata irin tsawa ce mai kaifi da ta toshe min kunne har washegari. Bututun ya dare kamar an tsaga rake. Dokin ango ya yi tsaye da ƙafa biyu, ya zubar da shi a kwata da alkyabbarsa, rawani ya warware a ƙasa, mata suna salati. Shi kuwa mai harbin ya tsaya yana kallon hannunsa, bai ma fara ihu ba, babban yatsa da na kusa da shi babu. Da mayafin wata tsohuwa aka ɗaure hannun.

Da daddare wani maharbi ya ce garin harsashin soja ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, ƙarfen maƙera ba ya iya riƙe shi. Marigayi Baba, kakanka, bai ce komai ba sai: "Bindiga ba ta san ana biki ba." Ya kuma ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ko harsashin da babu dalma a kansa, wutar da yake fesowa tana kisa in mutum yana kusa. Ga hukuma kuma. Tun dokar makamai ta 1959 ko bindigar toka sai da lasisi, balle ta soja, kuma ɗan sandan da ya tare ku ba zai tsaya sauraron "an gyara ta" ba.

Ku yaran yanzu komai sai an ɗauka a waya an sa a TikTok, shi ya sa kowa yake son ya zama ɗan bindiga rana ɗaya. A zamaninmu in ana son harbi a biki, masu abin ake zuwa a gaisar, a kai musu goro.

Ka zo gida bayan Juma'a mu yi magana, bindigar kuma ka bar ta inda take. Sannan ka gaya min wa zai ba angon doki, don na ji an ce bai taɓa hawa ba.

Baffanka.